Ɗan Maraya Jos: Marayan da ya zama mai gyaran aure

An haifi Adamu Wayya a shekarar 1946 a Bukur, garin haƙar kuza da ke kudu da Jos. Mahaifinsa makaɗin fada ne, ya rasu jim kaɗan bayan haihuwarsa, mahaifiyarsa ma ba ta daɗe ba ta bi shi. Sarkin Bukur ne ya ɗauki yaron ya rene shi. Wannan rashi shi ya ba shi sunan da duniya ta san shi da shi, Ɗan Maraya.

Tun yana ƙarami ya yi tafiya zuwa Maiduguri, inda makaɗan garin suka burge shi, ya haɗa wa kansa kuntigi: gwangwanin kifi da aka rufe da fatar akuya, da tsirkiya guda. Da shi ya yi suna, ya wasa talakawa irin su yaran mota, har gwamnatin tarayya ta karrama shi da lambobin MON da OON.

Sai dai babban gadonsa shi ne abin da ya fahimta game da zaman miji da mata. Jos gari ne na baƙi, inda neman abinci ya tara mutane nesa da dangin da za su sulhunta su idan an saɓa. A irin wannan wuri waƙa kan tsaya a matsayin dattijon gida, kuma waƙoƙinsa uku sun nuna ƙofofi uku da ɓaraka ke shiga aure.

Ta farko tilas ce. A Auren Dole ya soki iyayen da ke zaɓa wa 'yarsu miji ba da yardarta ba. Zuciyar da aka tursasa tana iya yin biyayya, amma da wuya ta saki jiki, kuma shaƙuwa ba ta tsira inda babu sakin jiki.

Ta biyu bakin waje ne. Gulma Wuya labarin magulmaciya ce da ke haɗa baki da boka tana raba mata da mazajensu. Ma'aurata kan jure talauci da jinya, amma zargi idan ya shiga, kowace kalma sai ta sami fassara biyu.

Ta uku gajen haƙuri ne. A Jawabin Aure ya jero wahalhalun da ke biyo bayan saki, ya ja hankalin ma'aurata su daidaita tsakaninsu. Zafin soyayyar farko yana lafawa a kowane gida. Abin da ke riƙe aure bayan nan shi ne sabo, da mutunta juna, da iya komawa teburin magana bayan faɗa. Wanda ya tashi babu uwa babu uba ya san abin da yaro ke rasawa idan gida ya watse.

Darasin bai tsufa ba, musamman ga ma'aikacin da ke Abuja iyalinsa na gida, wanda labarin gidansa ke iso masa ta waya daga bakin wasu.

Ɗan Maraya ya rasu a Jos ranar Asabar, 20 ga Yuni, 2015, cikin watan Ramadan. Allah Ya jiƙansa da rahama.