Haidar Ali, Sojan Da Ya Durƙusar Da Rundunar Ingila a Pollilur

Haidar Ali bai gaji sarauta ba, kuma bai iya karatu da rubutu ba. An haife shi wajajen shekarar 1720 a kudancin Indiya, ya shiga rundunar masarautar Mysore yana ƙaramin soja, ya riƙa nazarin yadda Faransawa ke horar da dakaru da sarrafa igwa. Zuwa 1761 iko ya koma hannunsa, sarakunan gidan Wodeyar suka zama sai suna kawai.

A yaƙinsa na farko da Kamfanin Gabashin Indiya na Ingila, ya kai dawakinsa har ƙofar Madras, ya tilasta wa Turawa sa hannu kan yarjejeniyar 1769, wadda ta ce kowane ɓangare zai agaza wa ɗaya idan an kai masa hari. Da Maratha suka afka masa a 1771, Kamfanin ya yi kunnen uwar shegu. Haidar bai manta da wannan cin amana ba.

A 1780 ya kutsa yankin Carnatic. Ranar 10 ga Satumba, dakarunsa da na ɗansa Tipu suka yi wa rundunar Kanar William Baillie, mai sojoji kimanin 3,800, ƙawanya a Pollilur kusa da Kanchipuram. Ana tsakiyar ɗauki-ba-daɗi kekunan albarushin Turawa suka yi bindiga, sahunsu ya karye, mahaya suka ratsa su. Aka kama Baillie, ya mutu a kurkukun Srirangapatna a 1782. Janar Hector Munro, wanda ke kusa da wajen bai kai ɗauki ba, ya zubar da manyan igwoginsa cikin tafki ya ja da baya zuwa Madras.

Daga cikin makaman Mysore akwai rokoki masu bututun ƙarfe, waɗanda daga baya Ingila ta yi nazarinsu wajen ƙera nata.

Haidar ba waliyyi ba ne. Ya ƙwace mulki da ƙarfi, kuma mutanen Malabar sun ɗanɗana kuɗarsu a hannunsa. Nasarar ma ba ta ɗore ba, domin Eyre Coote ya rinjaye shi a Porto Novo a 1781. Ya rasu a sansanin yaƙi a Disamba 1782, Tipu ya gaje shi ya kammala yaƙin da yarjejeniyar Mangalore a 1784. Sai a 1799, da taimakon Nizam na Hyderabad, Kamfanin ya ci Srirangapatna, inda aka kashe Tipu aka binne shi kusa da mahaifinsa.