Paul Mauser: Maƙerin da Ya Yi Tanadin Ranar da Harsashi Zai Fashe

Duk wanda ya taɓa ganin hoton sojan Jamus na yaƙin duniya na ɗaya ko na biyu rungume da doguwar bindiga, to ya ga aikin Paul Mauser, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Na zaɓi in kawo mana tarihinsa a wannan fitowa ne saboda rayuwarsa kaf ta tafi a kan tambayar da mu 'yan sashen injiniyan kanikanci muke fama da ita a aji: matsi nawa ƙarfe zai iya ɗauka, kuma ranar da ya gaza, ina matsin zai nufa?

An haifi Peter Paul Mauser ranar 27 ga Yuni, 1838, a wani ƙaramin gari mai suna Oberndorf, a bakin kogin Neckar, cikin masarautar Württemberg da ke kudancin Jamus ta yau. Shi ne auta cikin 'ya'ya 13. Mahaifinsa ma'aikaci ne a masana'antar bindigogi ta sarkin ƙasar, don haka tun Paul yana yaro ya saba da zarto da guduma, kamar dai yadda ɗan maƙeri ke tashi a gindin zugazugi. A shekarar 1859 aka ɗauke shi aikin soja, aka tura shi rumbun makamai na Ludwigsburg, inda ya ƙara gogewa.

Bindigar da ake ji da ita a lokacin ita ce ta Dreyse, wadda sojojin Prussia ke riƙewa. Harsashinta da takarda ake naɗe shi, sai wata doguwar allura ta huda takardar ta tayar da albarushin. Babbar matsalarta ita ce bayanta ba ya toshewa ruf, iska mai zafi kan tsarto ta baya ta doki fuskar mai harbi. Paul da yayansa Wilhelm suka duƙufa neman gyara. Suka koma ga harsashi mai kwanson tagulla, wanda in albarushi ya kama sai kwanson ya kumbura ya manne da bangon bututu, ya toshe wa iskar hanya. Suka kuma inganta sakatar da ke kulle bayan bindigar, wadda ake ɗagawa a ja baya kamar sakatar ƙofa. Wilhelm shi ne mai baki da iya ciniki, Paul kuwa yana can wajen ƙira.

Abin bai zo musu da sauƙi ba. A 1867 wani Ba'amurke mai suna Samuel Norris, wakilin kamfanin Remington, ya ja su zuwa birnin Liège na Beljiyam da nufin a tallata ƙirar, amma harkar ba ta yi armashi ba, suka komo gida. Sai a ƙarshen 1871 gwamnatin Prussia ta karɓi bindigarsu, da sharaɗin su gyara makullin da ke hana ta tashi ba da niyya ba. Nan Paul ya fito da ɗan makullin nan mai kama da fiffike a bayan sakata. A 1874 'yan uwan biyu, tare da tallafin wani banki, suka saye masana'antar da mahaifinsu ya yi wa aiki. Wilhelm bai daɗe yana cin moriyar ba, ya rasu a 1882, nauyi ya dawo kan Paul.

To, daga nan ne fa zamani ya juya. A 1884 wani masanin sinadarai Bafaranshe, Paul Vieille, ya haɗa albarushi marar hayaƙi, kuma a 1886 Faransa ta fitar da bindigar Lebel mai amfani da shi. Wannan sabon albarushi ya fi baƙin albarushin da aka saba da shi ƙarfi nesa ba kusa ba, matsin da yake haifarwa cikin bututu ma haka. Hankalin Jamus ya tashi. Cikin gaggawa aka kafa kwamitin soja a Spandau, suka ƙera bindigar da ake kira Gewehr 88 ba tare da sun nemi Mauser ba. Gaggawa aikin banza. A shekarun farko an yi ta samun bututu yana fashewa a hannun sojoji, sai da aka yi ta kwaskwarima.

Mauser bai zauna yana ƙorafi ba. Ya nemi kasuwa a waje. Dama a 1887 Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta ba shi babbar kwangila, sai ga Beljiyam a 1889, Ajantina a 1891, Sifaniya a 1893, sannan Suwidin. Kowace ƙira ta fi wadda ta gabace ta. A yaƙin Kyuba na 1898 sojojin Amurka suka ɗanɗana kuɗarsu a hannun 'yan Sifaniya masu riƙe da Mauser, har ta kai bindigar Springfield da Amurka ta fitar a 1903 ta kwaikwayi tsarinsa sosai, sai da aka biya kamfaninsa kuɗin haƙƙin ƙira.

Ranar 5 ga Afrilu, 1898, ƙasarsa ta dawo gare shi, ta karɓi Gewehr 98. Ni a ganina nan ne ainihin darasin yake, don haka bari in ɗan tsaya. Harsashin wannan bindiga, bisa ƙa'idar da Turai ke bi a yau, an yarda matsinsa ya kai bar 3,900. Tayar ƙaramar mota kuwa bar 2 ne zuwa 2.5. Kun ga ke nan abin da ke faruwa cikin ƙiftawar ido, tazarar ɗani ɗaya daga fuskar mutum. Mauser ya sa wa sakatar haƙora biyu a gaba masu kulle ta da jikin bindiga. Sai ya ƙara na uku a baya, wanda ba ya ɗaukar nauyin komai a harbin yau da kullum, yana nan ne kawai yana jiran ranar da na gaban za su karye. Ya ƙara wa zoben da ke riƙe bututu kauri. Ya huda ramuka biyu a jikin sakatar, ta yadda in kwanso ya tsage, iskar za ta sami mafita ta yi ƙasa wajen ma'ajiyar harsashi. Ya kuma yi wa bayan sakatar wani faffaɗan baki kamar garkuwa, don ya kautar da ragowar iskar daga idon mai harbi. Wato mutumin ya ɗauka cewa wata rana dole harsashi zai ba da matsala, sai ya shirya wa ranar tun ba ta zo ba.

Abin tausayi, shi kansa bai tsira ba. A 1901, yana gwajin wata sabuwar bindiga mai ɗura wa kanta harsashi, wadda ba ta kai ga kammala ba, harsashi ya fashe, ya rasa idonsa na hagu. Yana da shekara sittin da 'yan kai a lokacin, kuma bai bar aikin ba. Ya yi zaman majalisar dokokin Jamus daga 1898 zuwa 1903, a 1912 aka ba shi lambar girma da ta ƙara wa sunansa kalmar von, irin ta masu sarauta. Ya rasu a garinsu Oberndorf ranar 29 ga Mayu, 1914, wata biyu kafin ɓarkewar yaƙin duniya na ɗaya, yaƙin da bindigarsa ta ci rayukan da ba su ƙirguwa. Wannan ma yana cikin tarihinsa, bai kamata a ɓoye ba.

Bayan yaƙe-yaƙen nan biyu, ƙasashe suka riƙa sauya makamai, aka yi ta gwanjon tsofaffin bindigogi da akwatunan harsasan da suka yi saura a rumbunan soja. Maharba da masu wasan harbi, musamman a Amurka, suka yi ta saye saboda arha. Daga nan wata matsala ta ɓullo wadda haƙori na uku da ramukan sakata ba su isa su magance ta ba, wato harsashi ya shiga bindiga daram, alhali ba nata ba ne.

Misali na farko tun Mauser na raye ya samo asali. A 1905 sojojin Jamus suka koma ga sabon harsashi mai tsini, mai sauri, wanda ake yi wa alama da harafin S. Kaurin ƙwayarsa ya tashi daga milimita 8.08 zuwa 8.20. Bambancin bai wuce kaurin fallen takarda ba, kwanson kuma tsawonsa ɗaya da na da, milimita 57. Bindigogin da aka gyara don karɓar sabon, an buga musu harafin S a jiki. Amma akwai tsofaffin Gewehr 88 da bindigogin farauta masu matsattsen bututu da ba a taɓa gyarawa ba. In aka tura ƙwaya mai kauri cikin irin wannan bututu, matsi sai ya yi sama fiye da abin da aka shirya wa ƙarfen. Saboda wannan tsoro ne kamfanonin Amurka suka rage wa nasu harsashin ƙarfi, suka tsaya wajen bar 2,400. Kun ga suna ɗaya, siffa kusan ɗaya, amma wani bar 2,400, wani kuma zai iya kaiwa 3,900. Na gwanjon soja kuwa da cikakken ƙarfinsa aka yi shi.

Misali na biyu ya shafi ƙaramar bindiga. A 1896 kamfanin Mauser ya fitar da fistol ɗin C96, wanda wasu ma'aikatansa uku 'yan gida ɗaya, 'yan uwan Feederle, suka tsara. Irinsa Winston Churchill ya riƙe a yaƙin Omdurman na Sudan a 1898. A 1930 Tarayyar Sobiyet ta ɗauki harsashin wannan fistol ta mayar da shi nata, wanda ake kira Tokarev, ta riƙa amfani da shi har a bindigogi masu aman wuta irin su PPSh-41. Girman harsasan biyu kusan ɗaya ne, don haka na Tokarev yana shiga C96 ba gardama, sai dai da yawa daga cikinsu sun fi na asali zafi. Ita kuwa C96 sakatarta baya take komawa kai tsaye, saitin fuskar mai harbi, wani ɗan guntun ƙarfe ne kawai ke tare ta. Ku auna wannan guntun ƙarfe da ya haura shekara ɗari yana shan duka, sannan a ƙara masa kaya. Shi ya sa masana ke gargaɗin kada a kuskura a haɗa su.

Na uku shi ne tsufa. Albarushi marar hayaƙi a hankali yake ruɓewa, zafi kuma yana hanzarta ruɓewar. Ana zuba masa sinadarin da ke daidaita shi, amma shi ma yana ƙarewa. Faransa ta ga haka da idonta: jiragen ruwanta na yaƙi biyu, Iéna a 1907 da Liberté a 1911, sun yi bindiga a tashar Toulon, kuma kan lalacewar albarushi aka ɗora laifin. Harsashin da ya shekara hamsin ko saba'in a rumbun da ba wanda ya san irin zafin da ya sha, ba a da tabbacin yadda zai ƙone. Kwansonsa kan bushe ya tsattsage. Wani ya yi jinkirin tashi, wani ya tashi da rauni ya bar ƙwaya maƙale a bututu, na bayansa ya zo ya tarar da hanya a toshe. Da yawansu kuma suna barin gishiri a bututu, wanda ke jawo tsatsa in ba a wanke da wuri ba.

Maganin da Turawa suka samo shi ne gwaji da hatimi. A shekarar da Mauser ya rasu aka kafa hukumar ƙasa da ƙasa ta CIP a Liège. A ƙasashen da ke cikinta, kafin a sayar wa farar hula bindiga sai an harba ta da harsashin gwaji wanda matsinsa ya ɗara na ƙa'ida da kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, a duba ta, sannan a buga mata hatimi. Amma hatimin shaida ce a kan harsashin da aka rubuta a jikinta kawai, kuma a kan lafiyar da take da ita ranar gwajin. Shi ya sa masu lasisi a can ke kai tsohuwar bindiga wurin ƙwararre ya auna bututunta kafin su harba, su sa tabarau na kariya, kuma in suka ga sakata ta yi tauri wajen buɗewa ko kwanso ya fito a tsage, su dakata nan take.

Mu a nan mallakar bindiga ba lasisi laifi ne, kuma ba abin da nake kiran kowa gare shi ba ke nan. Sai dai mun san maharban ƙauyukanmu da bindigoginsu ƙirar gida, waɗanda ba wanda ya taɓa gwada ƙarfin bututunsu, mun kuma san yadda ake rasa yatsu da idanu in an cika musu albarushi ko an sa musu harsashin kamfani. In akwai irinsu a danginmu, wannan bayani ya shafe su. Mu kuma da za mu karɓi difloma nan da 'yan watanni, tukunyar gas, tankin kwamfureso da bututun ruwan zafi duk za su biyo ta hannunmu. Wata rana mai gida zai kawo mana wani fati na gwanjo ya ce ai ya shiga daidai, a ɗaura kawai. Kafin mu ɗaura, mu duba lambar da ke jikinsa, mu tambayi shekarunsa da inda aka ajiye shi, sannan mu duba inda matsin zai fita in ya gaza, da wanda zai kasance tsaye a wurin.