Alhasan Ɗan Garnada

A ƙasar Sifen akwai wani birni da a ke kira Garnada. Shi ne birni na ƙarshe da ya saura a hannun Musulmi, bayan sun yi kusan shekara 800 suna mulki a Andalus. Sarki Fardinan da matarsa Sarauniya Isabela suka yi shekara goma suna yaƙinsa. A cikin watan Janairu na 1492 Sarkin Garnada, Abu Abdullahi, ya ga ba mafita, ya miƙa musu mabuɗan gari.

Wajen wannan lokaci ne aka haifi Alhasan ɗan Muhammadu Alwazzan a birnin. Tun yana ƙarami iyayensa suka bar gidansu, suka haye teku, suka sauka a birnin Fas na Maroko. Can ya yi karatu. Da ya zama saurayi sai ya bi wani baffansa, suka ƙetare Sahara har Tambutu. Daga baya ya je Masar da waɗansu ƙasashen gabas. Duk inda ya sauka yakan lura da kasuwa, da gonaki, da halin sarauta.

A 1518 yana cikin jirgin ruwa, zai koma gida, sai 'yan fashin teku, mutanen Sifen, suka kama shi. Da suka ga malami ne, sai suka kai wa Paparoma Liyo na Goma a birnin Rum. Aka tsare shi fiye da shekara guda. A 1520 aka shigar da shi addinin Kirista, Paparoma ya ba shi sunansa. Shi ya sa Turawa ke kiransa Liyo na Afirka.

A Italiya ya koyar da Larabci, ya kuma rubuta babban littafi na bayanin Afirka, ya gama shi a 1526. A ciki ya ba da labarin Katsina, da Kano, da Zazzau, da Zamfara, da Gobir. Ya ce ƙasar Katsina tana da duwatsu, ana noma gero da sha'ir, ya kuma ce Askiya na Songai ya ci ta, yana karɓar gandu.

A 1527 rundunar Sarki Carlos, mai mulkin Sifen da Jamus, ta faɗa wa Rum, ta washe ta. Ana tsammanin bayan wannan ne Alhasan ya koma Tunis, ya ƙare kwanansa a kan addinin iyayensa.

Yaƙi ya raba shi da garin haihuwarsa, 'yan fashi suka raba shi da 'yancinsa, amma ba wanda ya iya raba shi da iliminsa. An buga littafin nan nasa a birnin Banis a 1550. Fiye da shekara 200 daga nan, in Bature yana son jin labarin Katsina, sai ya buɗe littafin Alhasan.