Alhaji Gurunshi: Sojan da ya fara harbi a Yaƙin Duniya na Ɗaya

A filinmu na yau za mu waiwayi wani gwarzo ɗan arewacin ƙasar Gana, wato Alhaji Gurunshi, wanda tarihi ya shaida cewa shi ne sojan farko a ɓangaren Ingila da ya harba bindiga a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Sunansa ma labari ne. A wancan zamani Turawa kan rubuta kurtu da sunan ƙabilarsa, kuma Gurunsawa su ne mutanen da mayaƙan Zabarmawa irin su Babatu suka riƙa kamawa ana sayarwa a kasuwar Salaga. A Salagar ne kuma Turawan Ingila suka riƙa neman kurata tun kafin 1900, shi ya sa Hausa ta zama harshen bariki a rundunar Gwalkwas da Alhaji ya shiga.

Kafin yaƙin, Turawa sun riga sun yanka yankin. Yarjejeniyar 1899 ta bai wa Ingila Salaga, ta bar wa Jamus Yendi, aka raba masarautar Dagomba gida biyu. Bawku ta zama garin bakin iyaka, maƙwabciyarta Pusiga tana hannun Jamus.

Da Ingila ta shelanta yaƙi ranar 4 ga Agusta 1914, sai aka tura rundunar Gwalkwas cikin Togo ta Jamus, domin a kame tashar waya maras igiya ta Kamina, wadda ke haɗa Balin da jiragen ruwan Jamus. A kan hanya 'yan sintiri suka yi karo da 'yan sandan Jamus, aka buɗe musu wuta, Alhaji ya mayar da martani. Sai ranar 22 ga watan ne sojojin Ingila suka yi harbinsu na farko a Beljiyam. Jamusawa suka rushe tashar da hannunsu, suka miƙa wuya ranar 26 ga Agusta.

Alhaji ya ci gaba da fafatawa a Kamaru, daga nan sai Gabashin Afirka, inda zazzaɓi da yunwa suka yi wa dakaru mummunar ɓarna. Ya fito da rai, ya samu lambobin yabo na jarumta guda biyu, ya kuma kai muƙamin samanja na runduna.

Yaƙin da aka faro a Turai ya sauya taswirar gidansu. Yendi ta koma hannun Ingila tun 1914, Dagomba ta sake haɗewa ƙarƙashin Ya Na ɗaya a 1920, kuma bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1956 yankin ya shiga ƙasar Gana.

Mun daɗe muna karanta wannan yaƙi a matsayin rikicin Turawa, alhali jinin iyayenmu ya zuba a cikinsa. Ya kamata malamanmu su sanar da yara sunan Alhaji Gurunshi. Allah Ya jiƙan mazan jiya, amin.