TARIHI: Paul Eisler, ɗan gudun hijirar da ya ƙirƙiro allon lantarki ya sayar da haƙƙinsa fam ɗaya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar mai gyaran rediyo, ko a Bodinga ko a Shagari ko a kasuwar Sakkwato, ya ga wani ɗan allo mai launin kore ko ƙasa-ƙasa da siraran layukan jan ƙarfe a bayansa. Wannan allo ne ke haɗa kayan cikin rediyo da wayar hannu da kwamfuta. Shi ne kuma ke cikin ƙananan akwatunan da makaɗan jita ke takawa da ƙafa domin sauya amon kiɗa. Mutumin da ya fito da dabarar yin sa, Paul Eisler, ya rasu a Landan a 1992, kuma dukiyar da aka tara da ƙirƙirarsa ta tafi aljihun wasu.

An haifi Eisler a 1907 a Viyana, babban birnin Ostiriya, a gidan Yahudawa. Ya kammala karatun injiniya a 1930, lokacin da ƙyamar Yahudawa ta yi ƙamari a ƙasar, don haka ƙofofin aiki suka rufe masa. Ya tafi Belgired, inda ya yi aikin gyara na'urorin sa kiɗa a jiragen ƙasa, amma aikin bai ɗore ba. Da ya koma gida sai ya shiga harkar ɗab'i, har ya yi aiki a madaba'ar Vorwärts ta jam'iyyar 'yan gurguzu masu sassaucin ra'ayi. A 1934 gwamnatin kama-karya ta murƙushe jam'iyyar, aikin nan ma ya tafi. A 1936 ya tsallaka Ingila.

Zaman madaba'a ne ya buɗe masa ido. A wancan zamani rediyo cike take da wayoyi, kowace sai an yanka ta an liƙa da dalma da hannu, kuskure ɗaya ya isa ya kashe na'urar. Eisler ya lura cewa injin da ke buga rubutu iri ɗaya a takarda sau dubu zai iya buga hanyoyin da lantarki ke bi. A ɗakin da yake haya a unguwar Hampstead ya haɗa wata ƙaramar rediyo a kan irin wannan allo. Ya kai wa kamfanin Plessey, aka ƙi karɓa, bisa hujjar cewa 'yan matan da ke haɗa wayoyi da hannu sun fi araha. Dole ya nemi abinci a kamfanin gidajen sinima na Odeon, yana warware musu matsalolin fasaha.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, Birtaniya ta tsare shi a 1940 a matsayin ɗan ƙasar abokan gaba, shi da ya gudo daga waɗannan abokan gaban. Bayan an sake shi a 1941, ya samu shiga Henderson and Spalding, wata madaba'a a kudancin Landan, ƙarƙashin Harold Vezey Strong. A nan ya sa hannu a yarjejeniyar da ta miƙa wa kamfanin haƙƙin ƙirƙirarsa a kan fam ɗaya, ba tare da ya karanta ta da kyau ba. A 1943 aka shigar da takardar neman mallakar fasahar.

Dabarar tasa mai sauƙin fahimta ce. Ana manna siririn fallen jan ƙarfe a kan allon da lantarki ba ya ratsawa. Sai a buga zanen hanyoyin a kan fallen da tawadar da sinadari ba ya ci. Daga nan a tsoma allon cikin sinadarin, ya cinye duk jan ƙarfen da tawada ba ta rufe ba, ya bar hanyoyin kaɗai. Abin da ya rage shi ne huda ramuka da dasa kayan.

Hukumomin Birtaniya ba su ɗauki abin da muhimmanci ba. Amurka kuwa ta yi amfani da bugaggun hanyoyin lantarki a cikin kan harsasan kakkaɓo jiragen sama, kuma a 1948 ta sake fasahar ga 'yan kasuwa. Kamfanin Technograph, wanda aka kafa domin cin gajiyar ƙirƙirar Eisler, ya yi ta sayar da lasisi, amma dangantaka ta yi tsami har ya bar kamfanin a 1957. A 1963 wata kotun Amurka ta yi watsi da ƙarar da Technograph ya kai kamfanin Bendix, ta ce takardun mallakar ba su da inganci. Eisler bai daina aiki ba. Ya koma kan fallayen ƙarfe masu ba da zafi, irin waɗanda ke kore raɓa daga gilashin bayan mota, ya kuma wallafa tarihin rayuwarsa a 1989. Sai a shekarar rasuwarsa ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta Birtaniya ta karrama shi da lambar azurfa ta Nuffield.

Makaɗa na cikin waɗanda suka ci moriyar aikinsa. A 1962 kamfanin Gibson ya fitar da Maestro Fuzz-Tone, akwatin da ke sa amon jita ya yi kaushi, a 1966 kuma aka fitar da Fuzz Face a Landan, wanda Jimi Hendrix ya shahara da shi. Taransista biyu ne kawai a cikinsa da 'yan wasu ƙananan kaya, shi ya sa har yau masu koyo ke farawa da shi. Sukan buga zanen da firinta mai amfani da garin tawada, su ɗora takardar a kan jan ƙarfen su danne da dutsen guga mai zafi, su tsoma allon a sinadarin ferric chloride. Hanyar Eisler ce, aka mayar da ita ta cikin gida. Sinadarin yana ɓata tufa yana ƙona fata, kuma ba a zubar da shi kusa da rijiya. Jitar lantarkin da makaɗan Agadez irin su Bombino da Mdou Moctar suka kai duniya ma a kan irin waɗannan alluna amonta ke bi.

Akwai abin dubawa a nan gida. Alhaji Shehu Shagari malamin kimiyya ne a makarantar Midil ta Sakkwato kafin ya shiga siyasa, kuma a zamanin mulkinsa, a 1982, aka fara aiwatar da tsarin ilimi na 6-3-3-4, wanda ya sa koyar da fasaha a ƙananan sakandare. An shigo da injunan koyarwa daga ƙasashen waje, amma da yawa suka ruɓe a akwatunansu saboda rashin wuta da rashin malamai. Yaran da aka yi tanadin domin su sai suka koyi liƙi da dalma a rumfunan gyara, ba takardar shaida, ba jari.

Najeriya tana da dokar mallakar ƙirƙira tun 1970, da hukumar NOTAP da ke taimaka wa masu ƙirƙira wajen rajista. Matashin da ya haɗa wata na'ura a zaurensu yana da haƙƙin sanin wannan kafin wani mai kuɗi ya miƙa masa takarda da biro. Masu neman ƙuri'arsa kuma ya dace su faɗa masa nawa suka ware wa makarantun fasaha na jiha, da kuma ko akwai wuta a ɗakunan aikinsu.