Hans Peter Luhn

Hans Peter Luhn (1 ga watan Yuli, 1896 zuwa 19 ga watan Agusta, 1964) injiniya ne kuma mai ƙirƙira, haifaffen ƙasar Jamus, wanda ya yi aiki da kamfanin IBM a Amurka. An san shi da ƙirƙiro dabarar hash, wadda kwamfuta ke bi ta gano cikin gaggawa ko wani bayani yana cikin abin da ta ajiye ko babu.

Farkon rayuwa

An haifi Luhn a garin Barmen, wanda yanzu yake cikin birnin Wuppertal. Mahaifinsa yana sana'ar ɗab'i, shi ma ya je Switzerland ya koyi sana'ar. A Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi aikin soja a sashen sadarwa na rundunar Jamus. Bayan yaƙin ya shiga harkar masaƙa, wadda ta kai shi Amurka a shekarar 1924. A wannan fanni ya ƙirƙiro Lunometer, ma'aunin da ake ƙirga yawan zaren yadi da shi. Ya fara aiki da IBM a shekarar 1941.

Dabarar hash

A wancan zamani, idan ana neman lamba guda a cikin dogon jeri, sai na'ura ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ko a fara jera su bisa tsari. A watan Janairun 1953 Luhn ya rubuta wata takarda ta cikin gida a IBM, inda ya ba da shawarar a raba bayanai cikin akwatuna, kuma a samo lambar akwatin daga jikin bayanin kansa ta hanyar ɗan lissafi.

Misali, a ce akwatuna goma ne, dokar kuma ita ce a tara alƙaluman lamba a ɗauki na ƙarshe. Lambar 4172 za ta ba da 14, sai ta shiga akwati na 4. Duk ranar da aka nemi 4172, wannan akwatin kawai za a duba. Lambar 3065 ita ma 14 take bayarwa, don haka sun yi karo. Maganin da Luhn ya kawo shi ne a haɗa masu karo a sarƙa guda cikin akwatin. Donald Knuth, a kundi na uku na littafinsa kan shirya manhaja wanda ya fito a 1973, ya danganta asalin dabarar ga wannan takarda.

Tasiri a harsunan manhaja

A kan wannan dabara aka gina saitin hash, wato ma'ajiyar da ba ta karɓar abu ɗaya sau biyu. Idan aka ba ta jerin Kazaure, Roni, Babura, Roni, Gwiwa, Kazaure, sunaye huɗu za ta riƙe, domin kafin ta ajiye suna sai ta leƙa akwatinsa. Ba ta kiyaye tsarin da sunayen suka shigo da shi.

Harsuna irin su Haskell da Clojure suna bin ƙa'idar cewa ba a sauya bayanin da aka riga aka ajiye. A cikinsu, ƙara abu a saiti yana samar da sabon saiti, tsohon kuma yana nan yadda yake, biyun suna tarayya a mafi yawan sassansu don kada a ɓata wuri. Harshen F# yana da iri biyu: Set, wanda ba ya sauyawa kuma yake jera abubuwa ta hanyar kwatanta su, da HashSet, wanda ke amfani da hash kuma ake sauya shi a inda yake.

Sauran ayyuka

A 1954 Luhn ya nemi rajistar mallakar wani lissafi na tantance lambobi, aka ba shi a 1960. Da shi ake gane kuskuren buga lambar katin banki da lambar IMEI ta wayar hannu, domin alƙalamin ƙarshe daga sauran ake lissafo shi.

A 1958 ya gabatar da tsarin KWIC, wanda ke jera kowace muhimmiyar kalma tare da kalmomin da ke kewaye da ita. Masu nazarin harshe suna amfani da shi har yau wajen duba yadda kalma ke zuwa a cikin jimloli. A shekarar ce kuma ya wallafa bincike kan yadda na'ura za ta taƙaita rubutu ta hanyar ƙirga yawan maimaituwar kalmomi.

Rasuwa

Luhn ya yi ritaya daga IBM a 1961. Ya mallaki rajistar ƙirƙira fiye da 80. Ya mutu a garin Armonk na jihar New York a 1964, sakamakon cutar sankarar jini, yana da shekara 68.