Jean-Michel Basquiat: Gwanin Zane Da Sandar Fenti

An haifi Jean-Michel Basquiat a unguwar Brooklyn ta birnin New York, Amurka, ran 22 ga Disamba, 1960. Mahaifinsa mutumin Haiti ne. Mahaifiyarsa kuwa, wadda asalinta na Puerto Rico ne, ita ta riƙa kai shi gidajen nunin zane-zane tun yana ƙarami.

Yana da shekara 7 mota ta buge shi, har aka cire masa saifa. A lokacin jiyyar ne mahaifiyarsa ta ba shi wani littafin likitoci mai hotunan sassan jiki. Wannan ne mafarin ƙasusuwa da ƙoƙon kai da suka yawaita a ayyukansa.

A 1978 ya bar makaranta, ya shiga rubuce-rubuce a bangayen birni. Da ya koma zane a kan ƙyalle, bai yar da wannan hannu ba, domin ya sami sandar fentin mai. Ita wannan sanda, garin launi ake kwaɓawa da mai da kaki, a daskarar da shi kamar alli mai kauri. Ba ta bukatar burushi: mai zane yakan ɓare fatar da ta bushe a bakinta, ya goga kai tsaye. Saboda haka Basquiat ya sami damar haɗa rubutu da zane a shafi guda, cikin hanzari.

Da ita ya ɗaukaka baƙaƙen fata, 'yan dambe irin su Joe Louis da makaɗa irin su Charlie Parker. Alamarsa ita ce kambin sarauta. A 1982, yana ɗan shekara 21, aka nuna ayyukansa a babban nunin Documenta na Jamus. A 1986 ya zo Afirka, inda aka baje zane-zanensa a Abidjan.

To, amma suna da kuɗi sun zo masa tare da shan miyagun ƙwayoyi. Su ne suka yi ajalinsa ran 12 ga Agusta, 1988, yana da shekara 27 kacal.

A 2017 an sayar da wani zanensa na 1982 a kan dala miliyan 110.5. Ya kamata ɗalibanmu su lura: baiwa ba ta jiran kayan aiki masu yawa, amma tana bukatar mai ita ya tsare lafiyarsa.